Baƙo a Akwatin Ƙwan Zabi

Laraba, bayan azahar, Tambuwal

Hamdiyya, matata, ta sauka. Ba lokacinta ba ne, da sauran wata biyu cur. Tana Kebbe gidan iyayenta tun da cikin ya yi nauyi, kamar yadda anka saba a haihuwar fari. Inna Marka, uwarta, ba ta yi min magana da kanta ba, wata maƙwabciya ta miƙa wa wayar. Matar ta ce, "An samu baƙo, namiji, amma bakwaini na. Mai jegon da sauƙi." Na ce to madalla, a gaida mutan gida. Na aje waya na koma kan rediyon da nika gyara. Ƙarfen dalma ya ƙone min yatsa, sai da na ji ƙauri kana na lura.

Ban tambaya ko shina numfashi ba. Da wane baki? Na fari ne. Ni ma na fari ne, sunana ma ya faɗa, kuma har Baba ya koma ga Allah ban taɓa jin ya ce Lauwali ba, sai dai "kai mai rediyo". Haka munka taso. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce.

Ina jin tsoro. A nan dai ina iya rubuta shi, tunda takarda ba ta kallon mutum.

Alhamis, hantsi

Ruwa tun asuba. Mota ba ta shiga Kebbe tun abin da ya faru a hanya makon jiya. Ba zan rubuta shi ba. Na je tasha, direbobi na zaune cikin rumfa suna shan shayi, kowa ya san abin da ya kawo ni, ba wanda ya ɗaga kai.

Alhamis, bayan la'asar

Malama Mas'uda ta kira. Ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin can, ita ta karɓi haihuwar. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Malam Lauwali, ni ba surukarka ba ce, kai tsaye zan gaya maka. Yaron shina numfashi da kanshi, shina haɗiyar nono in an ɗiga mishi da cokali. Abin da nika tsoro sanyi. Sakkwato ya kamata a kai shi, amma ba mota, in kuma anka ɗora shi bisa babur cikin wanga ruwa, ko Tambuwal ba shi kaiwa."

Na ce to.

Ta ce Inna ta kai kaskon gawayi ɗaki, hayaƙi ya fara shaƙe shi, ta hana. Ta ce maganin da ya fi kowane shi ne a ɗaure shi a ƙirjin uwarshi, fata da fata, dare da rana. Amma Hamdiyya ta zubar da jini da yawa, ga zazzaɓi, kuma ko inda shike ba ta kallo muddin uwarta na ɗakin. Inna ce ke ɗaura shi a nata ƙirjin. To ita ke dafa ruwan wankan jego, ita ke tuwo, kuma tsohuwa ce, dole ta runtsa.

"An ce kana haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwan zabi."

Na ce, Malama, na ƙwai ne fa.

"Na sani. Ban ce asibiti za ka gina ba. Wuri nika so mai ɗumi, marar hayaƙi, da za a aje shi in hannu ya gaji. In ba ka iyawa ka faɗa min yanzu."

Na ce ina iyawa. Ban san wa ya faɗa da bakina ba.

Jumu'a, bayan an taso masallaci

Na zaɓi akwatin da ya fi girma, na cire tiren ƙwai, na wanke shi da ruwan zafi da sabulu, na ƙara huda ramukan iska. Aikin akwatin ba wuya. Ƙwan fitila a ƙasa ke ba da ɗumi, kwanturola na auna zafi, in ya kai inda anka ce sai ta umurci rile ya yanke wuta, in ya sauka ya mayar. Rile shi ne mai gadin ƙofa, in ya yi sakaci duk abin da ke ciki ya dahu.

Iri biyu gare ni. Akwai tsohon yayi mai ƙas-ƙas, ƙarfe biyu ne ke haɗuwa su rabu, in sun daɗe bakinsu ya ci wuta su manne. Akwai na zamani, ɗan dunƙule mai ƙafa fuɗu, ba abin da ke motsi cikinshi, ba shi ƙara ko kaɗan. Shi nika sa wa masu zabi shekara da shekaru, bai taɓa ba ni kunya ba. Na ɗauki biyu daga kwali ban ko duba ba, kamar yadda mutum ke zura takalminshi.

Gidan Baffa, surukina, ba nepa, don haka na haɗa da batir biyu, da faifan sola, da ƙwan fitilar mota.

Ƙwan zabi in ya lalace ka ba mai shi haƙuri. Wanga fa?

Asabar, magariba, Kebbe

Mun iso. 'Yan kabu-kabu sunka taru sunka tafi a jere, kayana bisa babur ɗaya, ni a bayan wani Na'iya. Da munka zo wurin da abin ya faru kowa ya yi tsit, Na'iya ya ƙara wuta, na runtse ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Akwai takalmi ƙafa ɗaya cikin laka a bakin hanya. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Na tuɓe takalmi tun daga waje na durƙusa gaban Baffa a zaure. Ya tambayi ruwa, ya tambayi mutan Tambuwal, ya tambayi kasuwar gero. Na tambayi shanu. Ba wanda ya ambaci abin da ke cikin gida. Da zan tashi ya ce, "Zauren ga naka na, yi aikinka." Kwana da ci kuwa sai gidan maƙwabci, ba a yin su gidan surukai.

Daga ciki na ji wani ɗan sauti kamar na ɗan kyanwa. Na yi kamar ban ji ba.

Lahadi, walaha

Allah na gode maka da ka sa min tsoro.

Na haɗa komai a zaure. Malama ta ce iskar ciki kar ta wuce talatin da fuɗu, ba zafin ƙwai ba. Inna ta aiko ko a kawo baƙon a sa shi ciki. Saura ƙiris in ce e. Sai na ce a ba ni kwalbar ruwa tukuna, na naɗe ta a zane, na kwantar ciki na rufe.

Fitilu sunka kama. Lamba ta hau, talatin, da biyu, da fuɗu. Kwanturola ta ba da umurni, 'yar jar fitilar da ke goshin rile ta mutu, alamar an ce mishi saki. Amma fitilun ƙasa na nan tar. Na ce ko jinkiri ne. Talatin da takwas. Arba'in. Na hau ƙwanƙwasa shi da sukundireba kamar wawa, alhali ba abin da ke motsi ciki balle ya ɓalle. Sai da lamba ta wuce arba'in da biyar na fizge wayar batir. Zanen da na ɗauko ya yi zafi kamar yanzu anka goge shi.

Na juya rile na karanta jikinshi: DA. Na wutar nepa ne. Wutar nepa kai da komo taka yi, tana faɗuwa tana tashi, shi kuma a daidai faɗuwar shika samun sakinta. Wutar batir ba ta faɗuwa, a miƙe take. In ya kama ta ya kama ke nan, ko an ce saki ba shi iyawa. Na san wanga tun ina yaron shago. Amma a Tambuwal duk akwatunana na nepa da inbata ne, hannuna ya saba, shi ya ɗauko ba kaina ba.

Na zaga bayan gida na yi amai. Na dawo Baffa na zaune bisa buzu, ya ce, "Lafiya?" Na ce wani ɗan ƙarfe ne bai zo daidai ba.

Lahadi, la'asar

Ina zaune gaban akwati ina juya rilen a tafi, ina sake karanta DA.

Litinin, hantsi

Sai a tudun makaranta ake samun sabis. Azuzuwan cike da mutanen ƙauye, da tabarmi da tukwane da awaki, ba wanda ke tambayar su dalili. Na kira Ɗangiwa, mai shagon kayan wuta a Sakkwato da nika saye wurinshi.

"Rile marar ƙara nika so, na wutar batir. DD."

"DA ko? Akwai shi kwali-kwali."

"Ba DA ba. D biyu. Di, Di."

"To ai duk ɗaya na, Lauwali, fuskarsu ɗaya."

Na ce, Ɗangiwa, don girman Allah ɗauko shi a hannunka ka karanta min harafi-harafi. Ya yi tsaki ya ɗauko ya karanta. Na ce wanda anka rubuta shina ɗaukar wuta arba'in nika so, ko da fitiluna ba su cin ko goma, don rubutun jikinsu ba duka ne gaskiya ba, kuma ƙwan mota in zai kama yakan fizgi wuta fiye da cinshi. Na ce ya haɗo da ƙarfen alminiyam mai haƙora, wanda ke shanye zafin rile, da farin man da ake shafawa tsakaninsu. Rilen biyu, don ko-ta-kwana.

"Wai wane irin zabi na wanga da kaka yi wa wagga hidima?"

Na ce na wani mutum ne.

Zai ba motar Tambuwal, daga can Na'iya ya ƙaraso da shi in 'yan babur sun samu tafiya.

Talata, azahar

Ba saƙo. Ruwa.

Laraba, hantsi

Yau suna. Ba taro, ba maroƙi, liman da mutum kaɗan a zaure, anka yanka rago anka yi addu'a. Ni na raɗa wa liman sunan, na sulale waje kafin ya faɗa da ƙarfi. Ba zan rubuta shi ba tukuna. Ba kunya kaɗai ba ce. Gani nika in na rubuta ya zama nawa, in kuma anka karɓe ban san yadda zan yi da takardar ba. Astagfirullah.

Na gan shi. Malama ta hana wanzami taɓa kanshi, don haka ba a fiddo shi ba, amma Inna ta gifta ƙofa da shi ƙunshe a ƙirji, ƙafa ɗaya ta leƙo daga zane. Ba ta fi babban yatsana ba. Ja ce, har jijiya ana gani.

Alhamis, bayan la'asar

Inna ta tafi rijiya, na tsaya bakin ƙofar ɗakin na yi sallama. Hamdiyya ta rame, leɓɓanta sun yi fari. Shina kwance gefenta cikin tsumma, hannunta bisa cikinshi. Da ta ji motsina ta janye hannun ta mai da fuska bango.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ya aikin?"

"Ana jiran ƙarfe."

Ba ta juyo ba ta ce, "In Inna ta yi barci nakan sa kunne a bakinshi. Wani lokaci ba ni jin komai."

Na ce Allah shi kyauta. Abin da na iya faɗa ke nan, ni da anka ce namiji ne.

Jumu'a, magariba

'Yan babur ba su taso ba yau ma. An ce an ga wani abu. Na'iya ya ce saƙon na aljihunshi, in yi haƙuri.

Asabar, azahar

Saƙo ya iso. Na'iya jiƙe sharkaf, bai ko tsaya shan ruwa ba, shina son komawa cikin jama'a. DD, duka biyun, na karanta har idona ya yi yaji. Amma da na auna su a tafin hannu ɗaya ya fi ɗaya nauyi, marar nauyin kuma ƙarfen bayanshi siriri ne kamar murfin gwangwani. Na aje shi gefe.

Na cire batir kafin in taɓa komai. Na shafa farin man siriri a bayan rile, na ɗaure shi kan ƙarfe mai haƙora, na kafa su a waje, bayan akwati, inda iska za ta riƙa bugunsu. Wanga na batir shina da gaba da baya, ja wurin ja, baƙi wurin baƙi, ko a ƙafafun umurni ko a na fitilu. In ka juya, ya zama kamar babu shi. Fiyus a jar waya, dab da kan batir. Kowane noti na ɗaure sai na ja wayar da ƙarfi in ga ko za ta zame, kana na rufe ƙafafun da murfinsu saboda yatsa.

Abin da ke hana ni barci shi ne, irin wanga rile in zai mutu ba a sake shika mutuwa ba, a kame shika mutuwa, wuta na wucewa, kuma ba zai yi ƙarar da za ta gaya wa kowa ba. Don haka na zazzage jakar kayana na ciro tsohon faifan nan na akwatunan da, wanda ke kumbura in ya ji zafi ya danna maɓalli. Na sa shi a kan hanyar wutar bayan rile, na saita shi sama kaɗan da inda kwanturola ke tsayawa. Muddin rile na lafiya ba za a taɓa jin shi ba. In anka ji ƙas, to mai gadin farko ya mutu.

Kwalba ta koma ciki.

Lahadi, magariba

Wuni da kwana kwalba na ciki. Lamba ba ta wuce inda anka ce ba, fitilu na kamawa suna mutuwa shiru. Na haɗe ƙafafun rile da gangan in ga ko faifan zai yi aikinshi. Ya yi, ƙas. Malama ta zo ta sa nata ma'aunin, ta sa hannu ciki ta daɗe, ta ce, "To. Amma ƙirji na gaba da shi, kar ku mai da shi uwa."

Litinin, hantsi

An shigar da akwati ɗaki. Na durƙusa bakin ƙofa, Inna na bayan labule, idona a ƙasa.

"Inna, abin ba shi ƙara. In shina shiru, lafiya ke nan. In kunka ji ƙas, a fiddo baƙon nan da nan, a kira ni."

"Ɗan nan, abin da ba shi magana, ƙaƙa za a san shina da rai?"

Na ce ana duba lambar.

"To, to. Allah shi yi albarka."

In suruka ta ce Allah shi yi albarka, an sallame ka ke nan. Na tashi. Sai da na kai zaure na tuna ban faɗi zancen ƙarfe mai haƙora ba, cewa kar a rufe shi, kar a jingina mishi komai. Na juya zan koma, na ji nauyi. Yanzu na fito, in sake komawa ina yi wa tsohuwa karatu a ɗakinta? Zan gaya wa Malama ta gaya mata.

Litinin, azahar

Shina ciki. Ina zaure ina sauraron shiru.

Laraba, walaha

Shiru, alhamdu lillahi. Amma ko kara anka taka a tsakar gida sai gabana ya faɗi. Jiya Baffa ya ɓare goro kusa da ni, sai gani na na yi a tsaye. Ya dube ni. Yau da wuƙa na ga shina yanka goronshi.

Jumu'a, bayan an taso masallaci

Malama ta ce ya ɗan ƙara nauyi, ya fara laluben nono da kanshi. Ta faɗa da ƙarfi a tsakar gida don in ji daga zaure, Allah shi saka mata. Tana sauri, akwai mai naƙuda, ban samu gaya mata zancen ƙarfen ba.

Rana ba ta fito ba tun shekaranjiya, batir na ja da baya. Inna ta kama tari.

Asabar, la'asar

Zazzaɓin Hamdiyya ya dawo da ƙarfi, tana rawar ɗari har gado na motsi. Malama ta ce gobe a kai ta asibiti a sa mata ruwa. Ta hana Inna ɗaura shi a ƙirji sai tarin ya tafi, ta ce ta riƙa rufe baki da gyale in za ta ba shi nono a cokali. Saura akwati ke nan. Saura ɗan dunƙulen da Ɗangiwa ya ce duk ɗaya ne.

Ina jin tsoro, ina jin tsoro.

Litinin, hantsi

Da hannu ɗaya nika rubutu, zai karkace.

Jiya da safe anka kai Hamdiyya asibiti a amalanke. Bayan azahar hadari ya haɗo, ruwa da iska mai sanyin da ke shiga ƙashi. Ina zaure da Baffa, ba ma jin juna don ƙarar kwano. Sai ga Inna a ƙofar ciki, ruwa na dukanta, ko kallabi babu. Ba ta taɓa zuwa zaure ina nan ba.

"Ɗan nan, abin naka ya yi magana."

Ban san lokacin da na ƙetare tsakar gida ba. Ban yi sallama ba, ban tuɓe takalmi ba. Akwatin na lulluɓe da bargo biyu har ƙasa, ta baya ma, an cusa gefen bargon tsakanin haƙoran ƙarfen don kar iska ta shiga. Na yaye, ƙarfen ya ƙone min tafi. 'Yar jar fitila a mace, amma fitilun ƙasa na kamawa, faifan ya yanke su, ƙas, su sake kamawa. Rile ya dahu ya mutu a kame. Na fizge batir.

Inna ta yi yadda anka ce, ta fiddo shi tun ƙas na farko ta kwantar bisa gado cikin zane. Tana tsaye nesa da shi, gyale a baki, tana tari tana hawaye. "Sanyi nig gani ya yi yawa, ɗan nan. Na ce in rufa mishi." Na ce ba laifinku ba ne, Inna, ni ne ban faɗa ba.

Na tuna ɗaya rilen, marar nauyi. Ko na yarda da shi sai an gwada shi wuni da kwana, batir kuma ya kusa ƙarewa. Faifan shi kaɗai ba zan bar rai a hannunshi ba, bakinshi ba shi daɗewa kan wutar batir. Kwarin da ke tsakaninmu da asibiti ya kawo, ba mai ƙetarewa. Na taɓa ƙafarshi da bayan yatsa, karon farko ke nan. Ta fara sanyi, kuma bai ko yi kuka ba.

Na tuɓe riga. A ɗakin surukata, gabanta. Ta kau da kai. Na ce, "Inna, ku nuna min yadda ake ɗaurawa." Ta ɗauko zanen goyo ta miƙo daga nesa tana gaya min: kanshi nan tsakiya, juya fuskar gefe, ƙafafu kamar na kwaɗo, zanen ya tsaya ƙarƙashin kunne. Bai kai nauyin batirin babur ba.

Ina zaune bakin gado sai inuwa ta rufe ƙofa. Baffa. Tun da na auri ɗiyarshi ko damtsena bai taɓa gani ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na so in sauka in durƙusa, ba hali. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai ce.

Ya dube mu. Ya cire bargon kafaɗarshi, wanda shika fita da shi wurin shanu, ya shigo ya lulluɓe mu mu biyu, ya gyara ta bayan wuyana. Da zai fita ya tsaya bakin ƙofa, bayanshi gare ni, ya ce, "Marka, dama wa uban yaron kunu."

Na sha, a gidan surukai, kwano guda.

Har yanzu shina nan. Ƙafar ta yi ɗumi tun kafin magariba. Zuciyarshi na bugawa bisa tawa da sauri-sauri. Malama ta ƙetaro da safen ga da ruwa ya janye, ta sa ma'auni a hammatarshi, ta duba, ta dube ni cikin bargon shanu ta yi dariya. "Wanga akwatin ya fi wancan," in ji ta.

Tsoron bai tafi ba. In na yi gyangyaɗi sai in zabura in sa kunne a bakinshi.

Talata, azahar

Ya yi min fitsari. Ya yi kuka, na gaske, har Baffa ya ji daga zaure ya yi gyaran murya.

Laraba, la'asar

Hamdiyya ta dawo, zazzaɓi ya sauka. Ta shigo ta tarar da ni haka, Inna na zaune gefe tana tsince wake. Ta tsaya cik ta rufe fuska da mayafi. Na fara kwance zanen na ce karɓi, bayana ya gaji. Ta dubi uwarta. Inna ba ta ɗago daga faifanta ba, ta ce, "Ke, karɓi. Ubanshi ma ya ɗauka bai mutu ba."

Ta karɓa. Tana ɗaurawa ina riƙe mata bakin zanen.

Alhamis, hantsi

Akwatin dai sai an gyara, hannu zai gaji, Malama ta ce da sauran tafiya. Wanga karon zan yi wa ƙarfen keji na raga, ko an rufa bargo ya samu iska, kuma zan gaya wa Inna da bakina har sai ta maimaita min.

Na hau tudun makaranta na kira Ɗangiwa na ce a ƙaro DD.

"Wai har yanzu zabin nan na?"

Na ce, "Ba zabi ba ne, Ɗangiwa. Ɗana ne. Bakwaini."

Na ji ya yi salati. Kana ya ce, "Haba Lauwali. Mi ya hana ka faɗi tun farko? Ɗayan nan marar nauyi, kar ka sa shi, jefa shi masai. Yanzu zan rufe shago in shiga kasuwa da ƙafata in nemo maka na gaske." Na ji shina jan ƙofa. "Mi sunanshi?"

Tudun cike yake da masu neman sabis, har da dattawan da sunka zo ranar suna. Ga iska, dole in ɗaga murya. Na faɗa, bai ji ba, na sake faɗa.

Siddiƙ. Sunanshi Siddiƙ.